Kuros Goma a Littafin Lailatu

Saura kwana biyu Juma'ar da Alhaji Babaji ya ce Siddiq ya turo magabatansa, wayar Ramla ta same shi a rumfarsa ta Ƙofar 'Yandaka, hannunsa dumu-dumu da baƙin mai, yana fama da wani injin ban ruwa da ya ƙi tashi tun safe.

Ba ta gaishe shi ba. Ramlar da ko fushi take yi sai ta tambayi jikin innarsa kafin ta fara faɗan.

"Yaya Siddiq, ka bar abin da kake yi ka zo lesin yanzu, kafin yara su taru."

"Lafiya dai?"

"Ka zo kawai."

Ya goge hannu da tsumma, ya hau babur.

Lesin ɗin nan a tsohon garejin Alhaji Babaji ake yin sa, jikin gidansa a Ƙofar Sauri. Shekara biyu ke nan da matasan unguwa su bakwai suka haɗa kai, don sun gaji da ganin yaro ya kai aji biyar yana riƙe littafi a juye. Ba a biyan kowa, ba a karɓar komai wurin iyaye. Daga bayan azahar ne zuwa la'asar, saboda bayan la'asar lokacin Islamiyya ne, ba wanda ya isa ya taɓa shi. Malam Talle, wani malamin firamare da ya yi ritaya, shi ne shugaba. Ramla, 'yar mai gareji, ita ke da aji biyu.

Siddiq kuwa aikinsa daban ne. Shi ke jera benci, shi ke cika randa, shi ke tsayar da motoci a tsallakar da yara titi. Babban aikinsa shi ne shiga gida-gida yana lallaɓar iyayen da suka fi son yaro ya ɗauki faranti ya fita talla. A wannan fannin ba kamarsa, bakinsa na da zaƙi, kuma ba ya gajiya da komawa.

Yara dai duk babban da suka gani a garejin Malam ne. Suka ce Malam Siddiq, iyaye suka ɗauka, unguwa ta ɗauka, har ta kai kunnen Alhaji Babaji. Shi kuma bai taɓa buɗe baki ya gyara ba.

Gaskiyar magana, Siddiq a aji biyu ya bar boko, shekarar da mahaifinsa ya rasu aka kai shi koyon gyara. Allo ya yi daidai gwargwado. Lamba ya san ta kamar yunwar cikinsa. Amma ka haɗa masa baƙaƙen boko huɗu ka ce ya faɗi abin da suka ce, sai dai zufa. Duk Katsina mutum biyu suka san haka, innarsa da Ramla. Shi ya sa duk soyayyarsu da saƙon murya suka yi ta. Ta sha cewa ya bari ta koya masa, yana cewa a bari sai bayan biki, in sun kulle ƙofarsu ba mai ganin ƙato yana a-ba-ca-da.

Ya tarar da ita ita kaɗai a garejin, zaune a bencin yara, ta rufe fuska da gefen hijabi. Da ta ɗago, idanun nan sun yi ja.

"Inna Jummai ta zo wurin Baba da safe," ta ce. "Da littafin Lailatu."

Ya nemi benci ya zauna nesa da ita kaɗan.

Lailatu marainiya ce 'yar shekara tara, kakarta Inna Jummai mai awara ke riƙon ta. Sau huɗu Siddiq ya je gidan kafin tsohuwar ta yarda a raba yarinyar da farantin rana. Tun bayan ranar Alhamis ba ta zo lesin ba. Jiya ma ya hango ta a bakin titi da faranti a ka, ya juya kan babur ya bi wani lungu don kada su haɗa ido.

"Mi ta ce wa Baba?"

"Ta ce ta zo ta yi godiya, ta cire jikarta. Wai tunda wata takwas ana zuwa amma ko ɗaya cikin goma ba a iya ci, gara a koma inda ake da amfani." Ramla ta ja numfashi. "Yaya Alamin ɗan Goggo yana zaure lokacin. Ya karɓi littafin ya duba. Yaya Siddiq, duk goman ta ci. Ko ɗaya ba ta faɗi ba."

Kunnuwansa ne suka ɗau zafi.

Abin da ya faru ranar Alhamis ne. Malam Talle ya tafi Batagarawa ta'aziyya, ya bar wa ajinsa aikin Turanci, kuma ranar Alhamis ce ake makin littattafai a ba yara su kai gida iyaye su gani. Malamai biyu ba su zo ba. Ramla ta ga aiki ya yi mata yawa, sai ta rubuta amsoshi goma da manyan baƙaƙe a 'yar takarda, ta damƙa masa da jan biro. In ya ga kalmar yaro ta yi kama da ta takarda ya ba shi maki, in ba ta yi ba ya buga kuros. Sun taɓa yin haka sau uku ba a samu matsala ba.

Abin da su biyun suka manta, Malam Talle yana da wata al'ada. Yaron da ya ga ya wuce sa'o'insa, sai ya rubuta masa nasa tambayoyin daban a cikin littafinsa, na ajin gaba. Lailatu kaɗai ke da irin wannan a ajin.

"Laifina ne," Ramla ta ce, hawaye na zuba. "Ni na san da tsarin Malam Talle, ni na manta ban gaya maka ba."

"Yarinyar ta gaya mani."

Ta tsaya da kukan tana kallon sa.

"Ta gaya mani, Ramla. Ina buga kuros na uku ta ce, Malam, nawa daban ne. Yara duk suka juyo suna kallona. In na ce bari in duba, mi zan duba? Sai na daka mata tsawa. Na ce ta koma ta zauna, ba na son musu." Ya sunkuyar da kai. "Ta koma ta zauna. Na ƙarasa sauran bakwan."

Can cikin gida ana jin ƙarar turmi.

"Inna Jummai ta zane ta ranar," Ramla ta faɗa a hankali. "Da bakinta ta gaya wa Baba. Ta ce ita ba ta iya karatu ba, amma ta san kuros in ta gan shi."

Siddiq ya dafe goshi da hannu biyu, har baƙin man ya shafe shi.

"Baba ya ce bayan la'asar a haɗu a zaure, da Malam Talle da kai da ni da Inna Jummai. Ka saurare ni da kyau. Ni zan ce ni na yi makin. Zan ce kaina ke ciwo ranar, na haɗa nata da na sauran ban duba tambayoyin ba. Baba zai yi mani faɗa, Malam Talle zai yi mani nasiha, shi ke nan magana ta mutu."

"A'a."

"Kada ka ce mani a'a. Ka san abin da Baba ya sha a kanka? Goggo ta zo gidan nan sau nawa tana kuka, wai ga ɗanta Alamin ɗan gida, da digirinsa da aikin gwamnatinsa, a tsallake shi a ba mai gyaran inji. Ka san mi Baba ya ce mata a gaban kowa? Ya ce yaron da zai rufe rumfarsa kullum da rana tsaka ya zo ya koyar da 'ya'yan talakawa kyauta, ya fi mashi mai digiri goma. Koyarwa ya ce, Yaya Siddiq. Kuma ni na gaya mashi kana koyarwa. Ni, da bakina."

"Ramla..."

"In ya ji yau, ba kai kaɗai ka faɗi ba. Ni na zama maƙaryaciya, shi ya zama wanda yara biyu suka yi wa wasa da hankali a garejinsa. Goggo sai ta yi guɗa. Kwana biyu ya rage mana, kwana biyu kacal. Ka yi shiru na rabin awa, ba abin da na roƙe ka sai shi. In an ɗaura, wallahi ni da kaina zan zaunar da kai, wata uku ka iya. Mu je har gida mu ba Lailatu haƙuri, mu saya mata jaka. Don Allah."

Ta sauko daga bencin ta durƙusa. Bai taɓa ganin ta haka ba. Ya ce ta tashi, ta ƙi. Ya ce ta tashi kada wani ya shigo, ta ce sai ya yi alkawari.

Bai yi alkawari ba, bai kuma sake cewa a'a ba. Mace kuwa in tana cikin tsoro, shirun namiji amsa ce a wurinta. Ta tashi ta share ido ta shige gida.

Ranar dai ya jera benci, ya cika randa. Yara suka dinga shigowa, "Ina wuni Malam, ina wuni Malam," kowace gaisuwa kamar ana watsa masa ruwan zafi. Ya amsa ba tare da ya kalli fuskar kowa ba. Wurin zaman Lailatu na nan a bencin gaba, wani yaro ya ɗora takalmansa a kai.

A sallar la'asar kuma, kamar da gangan, kafaɗarsa da ta Alhaji Babaji suka haɗu a sahu.

Zauren Alhaji babba ne, da darduma da buhunan masara biyu a lungu, don dillancin hatsi ne sana'arsa tun yana saurayi. Yana zaune a kan buzunsa da littafin a gabansa. Malam Talle na gefe yana goge tabarau. Inna Jummai ta miƙe ƙafa kusa da ƙofa, Lailatu a bayanta ta takure. Ramla ta durƙusa a bakin ƙofar cikin gida.

Sai Alamin, wanda ba a gayyata ba, cikin shadda mai sitaci, yana juya makullin mota a yatsa.

"Malam Siddiq," ya miƙo hannu da fara'a. "Manyan malamai. Ya ɗalibai? Ya jan biro?"

"Alhamdu lillahi."

Aka gaisa, aka sake gaisawa, aka tambayi gida da gajiya da mutanen Batagarawa, aka yi wa mamaci addu'a. Sannan Alhaji ya ɗaga littafin.

"Malam Talle, ka duba?"

"Na duba, Alhaji. Goma bisa goma. Aikin aji huɗu ne ma na ba ta. A shekara talatin da biyar da na yi ina koyarwa, irin yarinyar nan ba su fi a ƙirga da yatsu ba."

Inna Jummai ta gyara zama. "To ni mi na sani? Na ga ja ya cika takarda kamar an yanka kaza a kai. Na ce ashe wasa take zuwa yi, ni ina nan awara na kwantai."

"Abin da nake so in sani ke nan," in ji Alhaji. "Wa ya yi makin nan?"

"Ni ce, Baba."

Muryar Ramla ta fito siririya amma ba ta yi rawa ba. Ta jero bayanin kamar yadda ta tsara, ciwon kai, ƙarancin malamai, sauri. Alamin ya ɗaga gira.

"Ikon Allah. Ramla da ta yi kwalejin ilimi, ta kasa gane aikin aji huɗu? Ai ko da zazzaɓi..."

"Alamin," Alhaji ya ce, ko kallon sa bai yi ba. "Na kira ka?"

Makullin ya daina juyawa.

Alhaji ya juya kan 'yarsa. Bai ɗaga murya ba, shi ba mai ɗaga murya ba ne. Ya ce aikin da ba a biyan ka shi ya fi buƙatar tsoron Allah, don ba mai duba ka. Ya ce in ta san kanta na ciwo ta ajiye biro, ba wanda ya ɗora mata dole. Ya ce ta ba Inna haƙuri. Ramla ta ba da haƙuri tana kuka, kukan gaske, ko da yake ba na abin da suke zato ba ne.

Malam Talle ya sa baki ya ce kuskure ne, kowa na yi. Inna Jummai ta sauko, har ta ce Allah ya yi wa Ramla albarka.

Siddiq ya ji iska ta fara shiga ƙirjinsa. An wuce. Jibi kawunsa zai sa babbar riga ya zo zauren nan da goro. Ya kafa ido a darduma yana ƙirga zanenta.

Sai Inna Jummai ta waiwaya bayanta.

"Ke kuma zo nan. Ba ce mani kika yi Malam Siddiq ne ya yi maki ba? Har kina cewa kin gaya mashi ya yi maki tsawa?" Ta kamo kunnen yarinyar ta jawo ta tsakiyar zaure. "Yaron da ya yi sawu huɗu gidana saboda ke, shi za ki yi wa sharri? Yaushe kika koyi ƙarya? Ni dama na ce Malam Siddiq ba zai yi haka ba. Durƙusa ki ba shi haƙuri, in mun je gida kya gaya mani wanda ya koya maki."

Lailatu ta durƙusa a gabansa. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi musu ba. Ta ɗago ta kalle shi sau ɗaya, irin kallon da yaro ke yi wa babba in yana jiran ya ga ko babban zai tuna. A damtsenta akwai shatin bulala biyu da suka fara baƙi.

"Malam, ka yi..." ta fara.

"Tashi, Lailatu."

Siddiq kansa bai gane muryarsa ba.

"Inna, sakar mata kunne. Ba ƙarya ta yi ba."

"Yaya Siddiq," Ramla ta ce daga bakin ƙofa, can ƙasa-ƙasa.

Bai kalle ta ba. Da ya kalle ta da ba zai iya ba.

"Alhaji, ni na yi makin. Ramla rufa mani asiri ta yi. Yarinyar ta gaya mani nata daban ne, na yi mata tsawa, don ba ni da yadda zan duba." Ya ɗago kai ya dubi Alhaji. "Ban iya karatun boko ba. A aji biyu na tsaya. Amsoshi ake rubuta mani a takarda ina gwada kamanni. Ni ba malami ba ne, ban taɓa koyar da kowa komai ba a garejin nan. Benci nake jerawa."

Malam Talle ya tsaya da tabarau a hannu, bakinsa a ɗan buɗe. Zufa ta gangaro wa Siddiq ta bayan kunne ta shige wuyan riga. Ya ji da ƙasar zauren za ta tsage da ya gode mata.

Alamin ne ya fara magana, a hankali, kamar mai jaje.

"Subhanallahi. To ai da ka faɗa tun farko, Malam, da an nema maka gurbi a aji ɗaya. Kawu, ka ga abin da Goggo..."

"Ka je ka gaida uwarka," in ji Alhaji. "Ka ce ina nan tafe."

Alamin ya tashi ya karkaɗe shadda. Murmushin da ya fita da shi ya ishe shi guzuri har gida.

Inna Jummai ta daɗe tana kallon Siddiq, hannunta a haɓa.

"Kai ɗan nan. Kai da ka zauna a tsakar gidana kana ba ni labarin amfanin karatu har awarata ta ƙone, ashe ni da kai duk jirgi ɗaya ya kwaso mu?"

"Shi ya sa na yi sawu huɗu, Inna. Na san abin da nake gudar mata."

Ya juya wurin yarinyar, yana durƙushe kamar yadda take. "Lailatu, kin ci goma. Ni na faɗi. Dukan da kika sha nawa ne. Ki yafe mani."

Yarinyar ta kalli kakarta, ta kalli ƙasa. "Na yafe, Malam."

Tsohuwar ta jawo ta jikinta, ta shafa damtsen nan da babban yatsa. Da ta miƙe sai ta ce wa Malam Talle, "Gobe za ta zo. Amma kai za ka riƙa duba mata da idonka." Suka fita. Malam Talle ya bi bayansu, ya dafa kafaɗar Siddiq a wucewa, dafawar da ba a san ta tausayi ba ce ko ta sallama.

"Ramla, shiga ciki," in ji Alhaji. "Ki bar wayarki a nan."

Ta ajiye wayar a bakin darduma, ta shige.

Suka rage su biyu. Alhaji ya ɗauki carbi ya ja kamar ashirin kafin ya yi magana.

"Ka san a ina na koyi karatu? Ajin yaƙi da jahilci, ina da 'ya'ya uku, ina zama kusa da yaran da na girmi ubanninsu. Don haka rashin karatunka bai dame ni ba. Da ka zo ka ce mani, Alhaji, ni bakanike ne, ban yi boko ba, ina son ɗiyarka, da na tambayi sallarka da sana'arka na ba ka."

Siddiq ya ji maganar ta fi mari ciwo.

"Abin da ya dame ni, kwana shida ka san yarinyar nan ba ta da laifi. Yau ma ka zauna a nan ɗiyata na yi mani ƙarya, kana kallon darduma. Na gan ka. Tun safe na san ba makin Ramla ba ne, kuros ɗinta ƙanana ne kamar na uwarta, waɗannan kuwa kamar an ja da sufana. Jira nake in ga inda za ka tsaya."

"Na yi laifi, Alhaji."

"Ka yi. Ka kuma yi magana a lokacin da shiru ya gama yi maka aiki. Wannan ma na gani. Duka biyun na ɗora a sikeli." Ya ajiye carbin. "Jibi kada kowa ya zo. Ka gaya wa kawunka an ɗaga."

"To, Alhaji."

Alhaji ya jawo wani littafi daga ƙarƙashin buzu, ya yagi takarda, ya zaro biro daga aljihu. Ya daɗe yana rubutu, a hankali, yana danna biron kamar mai sassaƙa. Ya ninke ta huɗu ya miƙo.

"Amsata na ciki. Na san ka yi allo, shi ya sa ban yi da ajami ba. Ƙanwata ta matsa mani a kan Alamin, na ce mata sai bayan babbar Sallah zan ba ta magana. Wata uku ke nan da 'yan kwanaki. In ka iya karanta wannan kafin nan, ka zo ka karanta mani da bakinka a zauren nan, sai mu yi aiki da abin da ta ce."

Siddiq ya karɓa da hannu biyu. "Alhaji, eh ce ko a'a?"

"Da zan gaya maka da ban ɓata takardata ba. Kuma kada ka ba wani ya karanta maka ka zo ka rera mani. Shekara arba'in ina kasuwa, ina gane wanda ya haddace da wanda ya gani da idonsa. Tashi ka tafi."

Siddiq ya fito. Rana ta yi sanyi, yara na komawa gida daga Islamiyya rukuni-rukuni. Ya ratsa ta garejin don ɗaukar hular kwanonsa, ya tsaya tsakanin bencina ya warware takardar.

Layi huɗu ne. Ya bi su da yatsa daga farko har ƙarshe. A layi na biyu ya ga wata kalma da ta yi kama da sunan Ramla yadda yake fitowa a wayarsa. Sauran kuwa baƙaƙe ne tsaye suna kallon sa.

"Yaya Siddiq."

Akwai wata ƙaramar taga tsakanin garejin da cikin gida, mai ƙarafa uku. Fuskarta na bayan ƙarafan, ta kumbura da kuka.

"Na ji komai. Miƙo in duba."

"Ramla, koma ciki kada Baba ya fito."

"Alwala yake yi. Miƙo, ido ɗaya zan yi mata. Ba sai na gaya maka kalmomin ba, kai kawai zan gyaɗa ko in girgiza. In a'a ce, gara mu sani tun yau in san abin da zan yi da Goggo. Wata uku ba zan iya barci ba. Kai ma ba za ka iya ba."

Ta zuro hannu ta tsakanin ƙarafan, tafin a buɗe. Tsakaninsa da hannun bai fi taku biyu ba. Ya yi taku ɗaya.

"Don Allah," ta ce. "Ba wanda zai sani."

Ya tsaya yana kallon hannun. Sannan ya mayar da takardar yadda Alhaji ya ninke ta, ya sa a aljihun gaba, ya ɓalla maɓalli a kai.

"Ranar Alhamis ma haka muka ce, Ramla."

Daga cikin gida aka ji muryar Alhaji yana kiran sunanta. Hannun ya daɗe a wurin kafin ya janye.